Fankokin kwamfutata suna ruri a Linux, a Windows kuma shiru

Mai Buga Takardu, Sabon Gari:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ku taimaka mini, sati uku ke nan abin nan ya hana ni sakat. Ina da ɗan shago inda nake buga wa ɗaliban jami'a takardunsu na ƙarshen karatu, kuma kwamfutar tebur guda ɗaya ce jarina. Windows 10 ce a kanta tun da na saye ta hannun wani. Kwanan baya ƙanena ya raba mini faifan ajiyar kwamfutar gida biyu, ya sa Linux Mint a gefe guda, saboda birus ɗin da ke zuwa cikin kile (USB) na ɗalibai ya sha lalata mini aiki. Na ji daɗin Linux ƙwarai, ba na son barin ta.

Ga matsalar. In na shiga Windows, da zarar ta gama buɗewa sai fankoki su kwanta, sai ka kara kunne kafin ka ji su. In na zaɓi Linux kuwa, ruri suke yi daga kunnawa har kashewa, ko ban buɗe komai ba. Shagon jikin ɗakinmu yake, bango ɗaya ne tsakani. Yawancin aikina da dare nake yi, lokacin da gari ya ɗan yi sanyi kuma kuran, wato wutar lantarki, ya zauna, ga shi muna da jaririya 'yar wata biyar. Shekaranjiya mai ɗakina ta leƙo da ita a kafaɗa wajen ƙarfe ɗaya na dare, ba ta ce komai ba, ni dai na kashe na bar aikin mutane.

Fanka uku ne a ciki: ɗaya kan furosesa, biyu a jikin akwati. Wani ya ce in cire wayar biyun nan kawai in huta. Hankalina bai kwanta da hakan ba. Me ya kamata in yi?

Mai Gyara, Kasuwar Dole:

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka cire. Damagaram muke, a watan Afirilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, shago mai rufin kwano ya fi haka. Iskar da fanka ke jawowa ciki tun asali da zafinta take zuwa. In ka hana akwatin numfashi, furosesa zai riƙa rage gudu da kansa don ya tsira, in abin ya yi yawa kwamfutar ta mutu a tsakiyar aiki, faifan ma yana jin jiki.

Kafin komai buɗe murfin ka duba. Duk kwamfutar da aka kawo mini bayan hunturu, tsakanin fanka da ƙarfen sanyayawa sai ka tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga, kana janta tana fitowa faifai guda. Ka zare waya daga bango, ka fitar da ita waje, ka share da buroshi mai laushi sannan ka hura. Riƙe fiffiken fankar da yatsa lokacin hurawa, kada iska ta juya ta da ƙarfi. Kuma kada ka kai wa mai faci ya hura maka da injinsa, iskar tankinsu tana zuwa da danshi.

Malamin Lissafi, Birni:

Maganar ƙura gaskiya ce, a yi ta. Sai dai ƙura ba ta san Windows ba, ba ta san Linux ba. Tunda a gefe ɗaya kawai ake rurin, akwai wani abu bayan ƙurar.

Abin da nake zato shi ne, wanda ya sayar maka ya bar wata manhaja ta kamfanin babban faifan ciki, wanda masu gyara ke kira kart mer, ita ce ke rage gudun fankoki bayan Windows ta tashi. Kai da bakinka ka ce sai ta gama buɗewa suke kwantawa. A Linux wannan manhajar ba ta nan, don haka fankoki suna bin abin da aka saita a BIOS, wato saitin kart mer ɗin kansa da ke fara aiki kafin Windows ko Linux su tashi. Can ya kamata a gyara, don abin da ke BIOS ɓangarorin biyu duka yake yi wa aiki.

Da ka kunna, yi ta danna Del ko F2. Nemi shafin fankoki: a ASUS sunansa Q-Fan, a Gigabyte Smart Fan. Amma kafin nan ƙirga wayoyin kowace fanka. Mai waya huɗu ana sarrafa ta da PWM, wato wayar ta huɗu ce ke gaya mata gudun da za ta yi. Mai waya uku ba ta da wannan, sai dai a rage mata ƙarfin wuta ƙasa da bolt 12, shi ne ake kira DC. In ka soka mai waya uku a gurbin da aka saita kan PWM, bolt 12 cif za ta riƙa samu, ta yi ta gudu iya ƙarfinta dare da rana. Wannan kuskuren na yi shi da kaina, na yi wata biyu ina zargin Linux a banza.

Bayan ka gyara, buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, a Mint ka sa lm-sensors, ka rubuta sudo sensors-detect, sannan sensors. Zai nuna maka zafin furosesa, in kart mer ɗinka na cikin waɗanda Linux ta sani har da juyin kowace fanka a minti. Akwai kuma fancontrol da pwmconfig, manhajojin saita gudun fanka daga cikin Linux, amma ni ba na ba ka shawarar fara su. Pwmconfig yana tsayar da fankoki na ɗan lokaci yayin gwaji, kuma lambobin hwmon, waɗanda Linux ke gane na'urorin auna zafi da fankoki da su, kan sauya bayan an sake kunnawa, sai saitin ya ƙi aiki kai ba ka sani ba. Mai shago da aikin mutane a hannu, BIOS ta ishe shi.

'Yar Karkada:

Yaya, ƙari kaɗan. Ka kashe Fast Startup a Windows, yana cikin saitin wuta. In yana kunne, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, kuma yakan hana Linux rubutu a ɓangaren faifan Windows. Tunda takardun ɗalibai kake ɗauka daga nan zuwa can, zai ba ka wahala wata rana. Allah ya raya jaririya.

Mai Buga Takardu, Sabon Gari:

Amin, na gode ƙanwata. Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Jiya bayan la'asar na rufe shago na bi maganarku ɗaya bayan ɗaya.

Ƙurar da na fitar ta cika tafin hannu, wallahi ban san haka cikin yake ba. Sannan na ƙirga wayoyi, Malam ka canka daidai: ta furosesa huɗu, biyun jikin akwati uku-uku, kuma gurabensu duka kan PWM suke. Na mayar da su DC. Na saita su yi rabin gudu har zafi ya kai digiri 50, daga nan su riƙa ƙaruwa, su kai ƙarshe a 75. Na danna F10 na adana saitin, na shiga Mint, shiru. A da sensors yana nuna juyi kusan 1,500 a minti, yanzu 800 da 'yan kai. Daren jiya na buga shafi 60, furosesa bai wuce digiri 58 ba, yarinya ba ta motsa ba. Manhajar Windows ɗin ma na gano ta, na cire, don kada ta riƙa jayayya da BIOS.

Saura abu ɗaya. Da rurin ya tafi sai na fara jin ta bayan akwatin tana wani ƙaras-ƙaras, musamman farkon kunnawa. Mai gyara, a ɗiga mata mai ne ko a sauya?

Mai Gyara, Kasuwar Dole:

Ƙarfen da take juyawa a kansa ne ya ci. In ka ɗaga takardar da ke manne a bayanta ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, za ta yi shiru na ɗan lokaci, amma da ƙurarmu za ta dawo. Auna faɗinta, ko milimita 80 ko 120, ka kwance ta ka zo da ita ranar Alhamis da safe kafin kasuwa ta cika. Ina da masu waya huɗu.