Na harbi barewa ta gudu da rauni, jinin ya ɓace mini, me zan yi?

Bakatsine_NY:
Salam 'yan uwa, dan Allah mai sani ya taimaka. Ina zaune ne kusa da Sirakus a jihar New York, bana ne farkon fitana farauta da baka. Ɗazu gab da magariba na harbi barewa, na yi bismillah na saki, ta gantsara baya ta tafi a hankali. Kibiyar ta fita ta ɗaya gefen, na ɗauko ta da wani kore-kore a jiki ga wari. Na bi ɗigon jini kamar mita 150 sai na ji ta zabura cikin duhuwa, daga nan ko ɗigo ban sake gani ba. Wlh na kasa cin abinci, dabba na can tana shan azaba saboda ni. In koma da tocila ne yanzu?

Baban_Ummi:
Kar ka koma ɗan uwa! A tumbi ka same ta, wannan koren abincin cikinta ne. Da huhu ne da ka ga jini mai haske da kumfa, kuma da ba ta yi nisa ba. Mai raunin tumbi kwanciya take a kusa in an ƙyale ta, amma ka riga ka tashe ta sau ɗaya, in ka ƙara sai ta yi maka kilomita. Ba ta awa 10 zuwa 12. Kuma kar ka tara abokai ku tattake wurin, jini na manne wa takalmi ku yi ta yaɗa shi ko'ina karen bin sawu ya rikice. Kira Deer Search yau da daddare, ƙungiyar 'yan sa kai ce masu bin sawun barewa mai rauni da kare, tun 1978 suke wannan aikin a jihar nan, masu karen suna da lasisi kuma da igiya ake bi ba sakin kare ake ba.

Bakatsine_NY:
To amma Baba babu jini fa, me karen zai bi?

Baban_Ummi:
Ba jini kaɗai yake bi ba. Tsakanin kofatonta akwai wani ɗan gurbi mai fitar da wari, kowace da irin nata, shi yake bi ko da wasu barewa goma sun ratsa wurin. Kai dai nuna musu inda ka harbe ta da inda jini ya tsaya.

Malam_Tijjani:
Game da cin naman, tunda za ta kwana: a Risala an ce abin da ya kwana ba ka gan shi ba a barshi, sai dai an kawo ƙaulin cewa in kibiyarka ce ta samu makasa babu laifi. In ka tarar da ranta ka yanka. In ta yi wari ko ka same ta cikin ruwa, haƙura.

Bakatsine_NY:
Alhamdulillah an samu! Wani dattijo ya zo bayan asuba da wata 'yar karya mai gajerun ƙafafu, irin da ake kira dakshun, da na gan ta raina ta na yi wlh. Ta sa hanci a ƙasa ta ja mu ta inda ban taɓa zato ba, sau biyu tana dawowa baya ta sake ɗauka, can ya nuna min ɗigo ɗaya a kan ganye. Bakin wani rafi muka same ta kwance a ciyawa da sauran numfashi, na yanka nan take. Dattijon ko kuɗin mai da ƙyar ya karɓa. Kafin in sake fita sai na yi wata guda ina gwajin harbi a bayan gida.