Neman shawara: me zan saka a rahoton ɗorewar ƙungiyarmu?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'a. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Auyo. Kamfanin da ke sayen shanshera a hannunmu ya ce bana sai mun kawo rahoton ɗorewa, wato bayanin yadda nomanmu ke shafar muhalli da jama'a, kafin a sabunta yarjejeniya. Asali ba aikina ba ne. Tsohon sakatare ya koma Haɗejia bayan ambaliyar 2022 ta cinye masa gona, littattafanmu ma sun jiƙe, shugaba kuma surukina ne, ba na iya musa masa. Fom ɗin ya tambayi ruwa, taki, feshi, itace, mata, yara. Na fara da bishiyoyin da muka dasa don su nake da lissafinsu. Wallahi barci ya gagare ni.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar bishiya. A noman shinkafa ruwa da taki ne kan gaba. Ruwan da ya daɗe kwance a gona shi ke fitar da iskar methane mai ɗumama yanayi, shi ya sa ake cewa a bar ƙasa ta tsane kafin a sake ban ruwa. Nemi ma'aunin SRP, dandalin noman shinkafa mai ɗorewa da UNEP (hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya) da IRRI (cibiyar binciken shinkafa ta duniya) suka kafa a 2011. Buhun yuriya nawa a hekta? Feshi sau nawa? Da nan za ka fara.

Baban Khalifa: Injiniya, wane ruwan za a auna? Kacalla ta toshe kanal, mu na ƙarshen kanal sai tsakar dare muke ganin ruwa, shi ma da faɗa.

Maman Ummi: Mu masu turara shinkafa fa? Itace ya yi tsada, hayaƙi ya gama mana da ido, ba wanda ya taɓa rubuta wannan.

Sakatare: Hajiya gaskiya ne, amma bishiyun nan da guminmu muka dasa su. In cire su daga rahoton?

Injiniya: Saka su a ƙarshe. Na gaya maka, ruwa da taki.

Alhaji Ƙarami: Ka cike abin da kamfani ke son gani kawai, kada ku rasa kasuwa.

Maman Ummi: Haba Alhaji, amanar mutane ce fa. Yaran da ke korar jan baki lokacin makaranta, a ɓoye su?

Sakatare: Yaranmu taimakon gida suke yi, ba ƙwadago ba. Kuma manomanmu ba sa rubuta takin da suka zuba. Ranar Litinin za a karɓi fom ɗin. Akwai wanda ya taɓa cike irinsa?