Abin da fulogi ke faɗa a tsohuwar Chevelle

Na tattaro shawarwarin da makanikai suka bayar kan Chevelle SS ta 1970, irin motocin Amurka masu ƙaton inji V8 da kafireta, wadda take shan mai kamar me kuma tana tari.

Duk sun ce a kwance fulogi takwas ɗin a jera su bisa silinda, kar a cakuɗa. In bakin fulogin ruwan ƙasa ne lafiya lau. Baƙi a bushe kamar gindin tukunya, fetur ya yi yawa, a duba cok da jet na kafireta, masu daidaita iska da fetur. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ke haurowa, ringi ne ko sil ɗin bawul. Fari fat shi ne abin tsoro, fetur ya yi kaɗan ko taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya wuce gaba, in har ka ga ɗigo-ɗigo kamar barkono to fistan ya fara cinyewa, a daina tuƙa ta.

Wani dattijo ya dage sai an sa sabon fulogi a taka motar sosai a kashe nan take sannan a duba fulogin, don barin inji a silo yana ɓata kalar, kuma ni dai na fi yarda da shi.