"Da muguwar rawa gara ƙin tashi": ta hau kan masu ƙin yaƙin Vietnam?

Baban Ummi: Salam jama'a, ku tayani duba wannan karin maganar. Ni dai ban ga wanda ta fi dacewa da shi ba irin ɗan damben nan Muhammad Ali, ranar 28 ga Afrilu 1967 a Houston ta Amurka aka kira sunansa ya matso gaba a ɗauke shi soja ana tsakiyar yaƙin Vietnam, bawan Allahn nan ya tsaya ƙyam ya ƙi motsi, suka ƙwace kambunsa suka yanke masa shekara 5 da tarar dala 10,000, koda yake bai kwana gidan yari a kan wannan ba har Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1971. To in wannan ba ƙin tashi ba ne meye?

Ɗan Zazzau: Yallaɓai ka kai ta inda ba a aike ta ba. Wanda bai iya ba ake faɗa wa ita, wai ya zauna ya rufa wa kansa asiri kar a yi masa dariya. Ali kuwa faɗa ai sana'arsa ce, cewa ya yi addininsa da zuciyarsa ba su yarda da yaƙin ba.

Maman Sadiq: Ɗan Zazzau wa ya ce maka muguwa rashin iyawa kaɗai take nufi? Mu a gidanmu ko auren da aka san ba zai yi ƙarko ba haka iyaye ke cewa. Rawar da ta ci sojan Amurka sama da 58,000 banda 'yan Vietnam da suka ninka haka nesa ba kusa ba, in ba muguwa ba ce sai ka faɗa min sunanta.

Tsohon Malami: Ku duka kun bar wani abu. Yaran nan na Amurka masu zanga-zangar ƙin yaƙin fa tashi suka yi, ba zama suka yi a gida ba. Katin kiran soja suke fitarwa a bainar jama'a su cinna masa ashana, alhali tun 1965 doka ta ce mai ƙona shi zai iya shan shekara 5. Ga barin gashi buzu-buzu don su bambanta da askin soja, ga ɗaga yatsu biyu wanda a da Firaministan Birtaniya Churchill ke yi da nufin nasara suka mayar da shi na zaman lafiya, ga da'irar nan mai kama da sawun kaza da Gerald Holtom ya zana a Ingila a 1958 don masu adawa da makamin nukiliya, su aro suka yi. Wata rawar suka kawo don a daina waccan.

Ɗan Zazzau: Malam ni abin da ke ɗaure min kai masu furanni ne, a Oktoban 1967 gaban Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, wai ka tunkari soja ka soka masa fure a bakin bindiga. Tasu karin maganar ita ce bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba.

Tsohon Malami: Da idonsu suka je ɗana, sun san masu kamara na wajen kuma hoton ya zaga duniya. Amma rijiyar ta ci mutane, 4 ga Mayu 1970 dakarun jihar Ohio suka buɗe wuta a jami'ar Kent State, ɗalibai 4 suka mutu 9 suka jikkata, kuma biyu cikin mamatan ba sa ma cikin zanga-zangar.

Maman Sadiq: Innalillahi, 'ya'yan mutane. Amma Malam a faɗi gaskiya, ƙin tashin ma sai mai hali, ɗan jami'a ana ɗaga masa ƙafa har ya gama karatu, wasu suka tsallaka Kanada, ɗan talaka da bai da hanya shi aka zuba a jirgi ko yana so ko baya so.

Baban Ummi: Wannan kam haka ne Hajiya. Ni dai a bar min Ali, shi ko taku ɗaya bai yi ba. Masu furanni kuma Malam ya nemo musu tasu, ta makahon nan ban karɓa ba.