Shiga cocin Sagrada Familia a Basalona: yaya ake yi?

Matafiyiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah yaya ake shiga Sagrada Familia? Ana sayen tikiti a ƙofa? Kuma mai hijabi za a bar ta?

Mai Duba Gini: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki sayi tikiti ta shafinsu na intanet kwanaki kafin ranar, domin kowane tikiti da lokacin shigarsa, kuma a lokacin zafi yana ƙarewa da wuri. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin L2 ko L5, zai sauke ki a bakin cocin. Akwai binciken jaka, ki je da sauran lokaci. Hijabi ba matsala: hula ce aka hana, amma an yarda da rufe kai don addini. A rufe kafaɗa dai.

Ɗan Sifaniya: Hajiya, lokacin da za ki zaɓa shi ne komai. Gilasan tagogin gabas shuɗi ne da kore, na yamma ja da ruwan lemo. Bayan la'asar rana na ratsa na yamma, ginshiƙan da Gaudi, mai zanen ginin, ya tsara kamar bishiyoyi su rine jawur. Tun 1882 ake ginin nan.

Mai Duba Gini: Na manta hasumiya. Tikitinta daban. Lifta ke hawa da ke, amma saukowa da ƙafa ne ta matsattsen bene mai murɗewa; mai ciwon gwiwa ta haƙura. Yara 'yan ƙasa da shekara 6 ba sa hawa, kuma in iska ta yi ƙarfi a kan rufe ta.