An mari ƙanena alhali igamarsa ba ta ƙare ba: in kai ƙara ko in haƙura?

Abu Safwan, Jidda
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, don Allah a karanta har ƙarshe. Daren Talata ƙanena yana dawowa daga aiki wajen sha ɗaya, motar dauriyya, wato 'yan sandan sintiri, ta tare shi a bakin wata bakala, ƙaramin shagon kayan masarufi. Igamarsa, wato katin izinin zama a Saudiyya, saura wata biyu ta ƙare, katin ne kawai ya mance a aljihun wata riga. Ya buɗe Absher, manhajar gwamnati, ya nuna ta waya. Askarin ko kallo bai yi ba, ya buge wayar ta faɗi a kwalta gilashin ya tsage. Yaron ya sunkuya zai ɗauka, ya kwaɗa masa mari a kunnen hagu. A wurinsu ya kwana, ba a bar shi ya kira kowa ba, mu kuma muka kwana zagayen asibitoci. Da safe wani babba ya duba kwamfuta ya ce ya tafi. Yau kwana uku kunnen na yi masa ƙara, in ka yi magana sai ya juyo maka na dama.

Kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya ce mu bar zancen, ba ya son sunan kamfaninsa ya shiga kowane fayil. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Yaron ya riƙe lambar motar. In kai ƙara yanzu, ko in yi shiru har a sabunta masa igama?

Direban Misfala
Wanda ba shi da igama me zai kai shi yawon dare? Ku gode Allah ba a wuce da shi tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasa, ba.

Abu Safwan, Jidda
Malam, cewa na yi yana da ita.

Baban Bakkai
Ƙyale Direba, haka yake da fasinja ma. Ka ce masa Aziziyya, ya sauke ka a Kudai ya ce alhamdu lillahi mun iso.

Ummu Rayyan
Allah Ya sawwaƙe. Kafin komai ku kai shi asibiti yau ɗin nan, likita ya rubuta abin da ya gani a kunnen, da kwanan wata. Shatin mari ba ya jiran shawara. Ni riyal 100 na biya a asibitin kuɗi lokacin da aka ji wa ɗana rauni.

Direban Misfala
Wace 100? Ni 350 aka karɓa a hannuna, ƙarshe kuma aka ce takardar asibitin kuɗi ba ta aiki.

Hajiya ta Shara Mansur
Ɗana Abu Safwan, maganarka ta tayar mini da tsohon miki. Maigidana a Makka aka haife shi. Mahaifinsa da ƙafa ya taho, ya ratsa Sudan yana noma yana tafiya, ya ƙetaro teku daga Sawakin. A kamen ƙarshen 2013 takardunsa suna hannun mu'aƙƙib, wato mai bin wa mutane takardu a ofisoshin gwamnati, ana sabuntawa. Ya fita bayan asuba sayo wa yara burodin tamis da ful, wato dafaffen wake, a dawowa suka tare shi a bakin lungunmu. Ina leƙe ta taga. Ya nuna musu gidan da hannu yana cewa ga iyalina nan, ku bari in ɗauko rasit. Ɗaya ya fizge ledar ya wurgar, ful ɗin ya zube a ƙasa. Autana, lokacin shekararsa shida, ya bi motar da gudu ba takalmi yana kiran Abba.

Kwana goma sha tara ban san inda yake ba. Duk tagar da na je a ce ba nan ba, ko a kalle ni a ce "yalla ya hajja". Na sayar da awarwarona biyu na ba wani da ya rantse yana da hanya, ya cinye. Wayar da na fara samu daga Kano ce, garin da bai taɓa takawa ba a rayuwarsa. Sun ɗauki zanen yatsunsa, don haka ƙofa ta rufe. Har yau yana can yana sayar da turare, ana yi masa dariyar Hausar Makka. Yaron nan da ya bi mota yanzu ya yi gemu, amma in ya hangi dauriyya sai ya canja hanya.

Ummu Rayyan
Inna lillahi. Hajiya kin sa ni hawaye. Ba ki rubuta ƙara ko'ina ba?

Hajiya ta Shara Mansur
Sau uku na biya mai rubutu ya rubuta mini takardar koke. Kowace an ba ni lamba a ƙaramar takarda, suna nan cikin gwangwanin alawa.

Ɗalibin Madina
Allah Ya saka miki Hajiya. Amma batun Abu Safwan daban ne, yaronsa yana da takarda. Igamar cikin Absher hukumar jawazat, wato ta shige da fice, da kanta ta amince a nuna wa jami'in tsaro. Dokar bin laifuka ta ƙasar nan, tun a sashe na biyu, ta hana cutar da wanda aka kama a jiki ko a mutunci, kuma yana da haƙƙin ya sanar da wani nasa cewa an kama shi. Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati, ke da alhakin sa ido kan wuraren tsare mutane. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, tana da reshe a Jidda, kuma tana karɓar koken baƙo. Da cin hanci aka nema, 980 za a kira, wato Nazaha, hukumar yaƙi da cin hanci. Lambar mota da lokaci da takardar likita ba ƙaramar hujja ba ce.

Alhaji Ɗan Hindawiyya
Yaro, shekararka nawa a ƙasar nan? Uku? Kana cikin jami'a, ana ba ka abinci da kuɗin wata. Mu da aka haife mu nan mun san inda takarda ke tsayawa. Dokar tana nan, ba musu. Amma ranar da kafili ya ji haushi ya buga wa yaron fita ba dawowa, wane sashe zai sabunta masa igama?

Ɗalibin Madina
Baba, ban raina abin da kuka gani ba. Amma shirun da kowa ke yi shi ya sa mai mari bai fasa ba. Na san direban da ya kai ƙara, aka kira askarin ya ba shi haƙuri a gaban shugabansa.

Na Kurna, Kano
Ku ɗauki bidiyon kunnen da fasasshiyar wayar ku sa a TikTok da lambar motar. A nan da haka muke maganinsu.

Alhaji Ɗan Hindawiyya
Kul! Kai kana Kano kana shan iska za ka jefa mutane rijiya. Dokar laifukan intanet a nan, ɓata suna ta waya yana kai mutum ɗaurin da ya kai shekara, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun. Wanda ba ya ƙasar nan ya yi mana shiru.

Na Kurna, Kano
Shekara goma sha ɗaya na yi a unguwar Karantina ta Jidda kafin a dawo da ni, Alhaji. Ba a labari na ji ba.

Abu Safwan, Jidda
To lauya fa? Nawa zai ci?

Baban Bakkai
Ƙasa da dubu biyar ba wanda zai buɗe maka fayil.

Ummu Rayyan
Maƙwabciyata 1,500 ta biya. Kuma ƙarar farko ba ta bukatar lauya.

Baban Bakkai
Ko nawa ne, wa ke da shi? Tun 2017 da aka sa kuɗin iyali a riyal 100 kowane kai duk wata, ya hau 200, ya hau 300, daga 2020 ya tsaya a 400. Mace da 'ya'ya bakwai, ku lissafa min: 3,200 kafin a ci abinci. Shi ya sa igamar yara ke mutuwa a hannun iyaye, sai kuma a ce mun saɓa doka.

Hajiya ta Shara Mansur
Wannan shi ne zancen. Ga mu'aƙƙibai, wasunsu 'yan'uwanmu ne masu jin Hausa, su karɓe fasfo da kuɗi su kashe waya. Wanda ya riƙe takardun maigidana har gobe ina ganinsa a masallacin unguwa.

Abu Safwan, Jidda
Yanzu muka fito daga asibiti. Likita ya ce dodon kunnen ya huje, kada ruwa ya shiga, mu dawo bayan sati biyu. Takardar na hannuna. Kafilin ya sake kira. Jama'a, in kai ko in jira?

Direban Misfala
Hajiya, mu'aƙƙibin nan wani dogo ne mai farar mota? In shi ne, dubu huɗu nake bin sa tun kafin korona.