Wa ke amfani da OpenBao a cikinmu? Ina neman abokan tafiya

Baban Ummi, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne a wani ɗan ofis a Zoo Road, muna yi wa makarantun kuɗi manhajar karɓar kuɗin makaranta. Watan jiya na tura fayil ɗin .env ɗinmu, inda muke rubuta sirrin manhajar, zuwa GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu, bisa kuskure, da kalmar sirrin rumbun bayanai da makullin kamfanin da ke karɓar mana kuɗi duk a ciki. Ma'ajiyar aikinmu a can a buɗe take ga kowa. Sai bayan la'asar na lura, ranar ban runtsa ba. Allah Ya tsare ba a taɓa kuɗin kowa ba, amma sunayen yaran mutane da lambobin iyayensu ne a wannan rumbun, amana ce a wuyanmu.

Tun ranar na zauna da OpenBao, manhajar adana kalmomin sirri da makullai, na kafa shi a kan saba ɗaya a ofis, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Abin da ya fi burge ni shi ne yana ƙirƙira wa manhaja sabon suna da kalmar sirri na rumbun bayanai na ɗan lokaci, awa ɗaya misali, lokacin na cika ya soke su da kansa.

Tambayata biyu ce. Duk sanda aka ɗauke wuta batir ya ƙare, sabar na dawowa sai in tarar OpenBao ya kulle kansa, sai mutum uku sun sa makullansu. Ya kuke yi da wannan? Ta biyun ita ta fi damuna: shi wannan abu kyauta ne, wasu ne suke raya shi da guminsu. Ban iya Go sosai ba, harshen da aka rubuta shi da shi. Akwai abin da irina zai iya bayarwa? Kuma akwai masu son mu riƙa zama ko sau ɗaya a wata mu koya tare?

Injiniya Sabo, Kaduna

Wa alaikumus salam. Baban Ummi, kafin komai: ina fata canza makullan ka yi, ba goge fayil ɗin kawai ba. Git, manhajar da ke riƙe tarihin kowane gyara, ba ya mantuwa, abin da ka goge yana nan a tarihin ma'ajiyar, kuma akwai masu sa na'ura ta yi ta shara a GitHub dare da rana don irin wannan. Ka sa gitleaks, manhajar gano sirrin da aka manta a cikin fayil, ya riƙa duba aikinka kafin ka tura.

Kullewar nan da gangan aka yi ta. Tsarin Adi Shamir ne na 1979: ana raba babban makulli gida biyar, sai uku sun haɗu ƙofa ta buɗe, don kada mutum ɗaya ya riƙe komai. Kana iya canza adadin. Akwai kuma hanyar da zai buɗe kansa ta amfani da makullin da ke ajiye a wani wuri, ko a wata sabar ta biyu, amma fa ka sani ka mayar da amanar can ne. Abin da kada ku kuskura ku yi shi ne tara makullan ukun a wayar mutum ɗaya don sauƙi. Na ga inda aka yi haka, da idona.

Maman Sadiq, Damagaram

Malam, ni zan ɗan saɓa. Mutum huɗu da saba ɗaya, OpenBao ya yi muku nauyi, kamar sayen tirela ne don ɗaukar buhu biyu. Mu a nan SOPS muke amfani da shi tare da age, ƙananan manhajoji ne na rufe bayanai: ana rufe sirrin a cikin fayil, a ajiye shi a Git a rufe, babu sabar da za ta kwana tana jiran wuta. Mozilla ce ta fara shi, a 2023 ya koma hannun CNCF, wata gidauniya mai kula da manhajojin kyauta. Ba zai ba ka kalmar sirri mai mutuwa da kanta ba, wannan gaskiya ne, kuma ba zai rubuta maka wa ya karanta me ba.

Maganar zama kuwa ina ciki, in za a haɗa da waya. Matasanmu Faransanci suka yi a makaranta, takardun nan kuma duk Turanci ne. Da za mu rubuta jagorar farko da Hausa, ta amfani Kano ta amfani Maraɗi.

Injiniya Sabo, Kaduna

Hajiya ta yi gaskiya kan nauyin. Amma tambayarsa ta biyu tana da tarihi. Kamfanin HashiCorp ya fitar da Vault, manhajar da OpenBao ya samo asali daga gare ta, a 2015, mutane da yawa suka sa hannu suka gina shi. A watan Agustan 2023 kamfanin ya sauya lasisi daga MPL 2.0, mai barin kowa ya yi amfani da shi, zuwa BUSL 1.1, mai ƙarin sharaɗi. Har yanzu kana iya amfani da shi a ofishinka, amma ba ka da damar gina abin sayarwa da zai yi gogayya da nasu. Ƙarshen shekarar aka ɗauki sigar da ta rage a tsohon lasisi aka yi mata reshe, wato aka ci gaba da gina ta daban, a ƙarƙashin gidauniyar Linux Foundation, shi ne OpenBao, injiniyoyin IBM na cikin waɗanda suka fara. A Afrilun 2024 kuma IBM ɗin ta sanar za ta sayi HashiCorp kan dala biliyan 6.4. To ka ga dalilin da ya sa reshen yake buƙatar hannaye daga wurare daban-daban, kada ya rataya a kan kamfani ɗaya.

Ba sai ka iya Go ba. Bi takardunsu daga farko a kan sabuwar na'ura, duk inda umarni ya ƙi aiki ko bayani ya rikita ka, ka rubuta musu rahoto mai tsabta: siga kaza, na yi kaza, ga abin da ya fito. Gyaran layi biyu a takarda ma gudummawa ce. Ka dai tuna da `git commit -s`, umarnin da ke sa sunanka a kan gyaranka, suna buƙatar sa hannun.

Baban Ummi, Kano

Na gode Yallaɓai, na gode Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Makullan duk na canza su a daren. Gitleaks ne ban sani ba, yau zan sa shi.

Hajiya, zan ci gaba da OpenBao saboda rajistar wa ya taɓa me, makarantu biyu sun riga sun tambaye mu wannan. Amma SOPS ya kamata ya zama babi na farko a jagorar, in za ki rubuta shi. Ni zan rubuta na kullewa da buɗewa bayan ɗauke wuta, tunda kullum a cikinsa nake. Ofishinmu na ɗaukar mutum goma, akwai inbata. Asabar ta farkon wata bayan la'asar, na nesa mu haɗa su ta waya. Mai zuwa ya rubuta sunansa a ƙasa, ya zo da kwamfutarsa da Docker a ciki, manhajar da za mu kunna OpenBao da ita, don kada data ta cinye mana lokaci.